Kiwon Sauro

Da Auta ta san abin da kalma ɗaya za ta jawo mata, da ta ciji harshenta ranar da ɗan jaridar nan ya shigo ɗakin bincikenta. To amma mutum ne mai fara'a. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana share gumi, yana kallon kejin da aka jera a kan kantoci, kowanne lulluɓe da farar raga, ya miƙo mata 'yar na'urarsa ya ce, "Dakta, a taƙaice, yadda kakata za ta gane, me kuke yi a nan?"

Ita kuwa ta yi dariya ta ce, "Kiwon sauro muke yi."

Ta yi bayani bayan nan, mai tsawo ma kuwa. Bayanin ne dai bai fita daga ɗakin ba. Abin da ya fita shi ne 'yar maganar nan da dariyarta, kuma kafin a ce me, ta shiga kowace waya a garin. Wani mara aikin yi ya sa mata kiɗa. Mai shagon bakin layi ya fara tambayarta ko dusa ta zo saya wa dabbobin nata. Masu babur suka raɗa mata Uwar Sauro, in ta wuce a mota su ɗaga hannu su yi ta "ziiii" da baki. Har mahaifiyarta, Inna, in ta kira waya sai ta ce, "Ya jikokin nawa? Sun dai ƙoshi ko?"

Auta ba ta damu ba da farko, don gaskiya ta faɗa. Kiwonsu take yi. Ɗakin ƙarami ne, can bayan ginin cibiyar binciken da take aiki, taga ɗaya gare shi mai kallon kwata. Kullum cikin ɗumi yake da laima, fanka biyu suna juya iskar don kada zafi ya yi yawa. A kantar ƙasa akwai tire-tiren ruwa, 'yan tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a ciki. A sama manyan ne, kowane keji da audugarsa jiƙe da ruwan sukari. Matan ba sa ƙwai sai sun sha jini, don haka ake kawo jini daga mahauta a ɗumama musu a wata 'yar na'ura da ta tsufa har tana tari. Ranar da na'urar ta ƙi tashi, Auta takan naɗe hannun riga ta ɗora damtsenta a kan ragar, ta kau da kai tana kallon bango. Ba cuta a jikinsu, a keji aka ƙyanƙyashe su. Ƙaiƙayi ne kawai, shi ma ta saba.

Abin da masu kiɗan waya ba su tsaya sun ji ba shi ne, waɗannan ba sauron kwata ba ne. Tun kakannin kakanninsu a keji suke, tun zamanin malamin da ya koya mata aikin ya bar mata su, kuma ba su taɓa shaƙar maganin sauro ba. Na gari kuwa ya sha feshi har ya zama ɗan duniya, ka fesa masa ya yi atishawa ya dawo kunnenka. Shi ya sa in gwamnati ta sayo gidan sauro mai magani don rabawa, ba a gwada shi da na gari, domin in bai mutu ba, ba ka san ko ragar ce ta banza ko sauron ne mai taurin rai ba. Nata ake sa wa. In sun taɓa ragar sun zube, magani yana nan. In sun zauna daram suna goge ƙafa, an cuci jama'a. An taɓa yi kuwa. Wata shekara aka kawo kaya dila-dila, sauronta suka yini a kai lafiya lau, aka mayar wa ɗan kwangila tarkacensa. Wannan labarin ba wanda ya sa masa kiɗa.

Wahalarsu ɗaya, ƙwansu ba ya ajiyuwa. In aka yi sakaci zuri'ar ta yanke, ta yanke ke nan.

Ana nan sai lokacin kasafin kuɗi ya zo, shekarar kuwa ta tsuke bakin aljihu ce. Yayan Auta ɗan majalisa ne, shi ne ma shugaban kwamitin da ke duba abin da za a rage. Tana tuƙi a hanyar gida, rediyon mota yana kawo zaman majalisa, sai ta ji muryarsa, muryar da ta fi kowace sani a duniya.

"Ya shugaban majalisa, na ji ana kiwon kaji, na ji ana kiwon kifi. Amma a ce asibitin mazaɓata rufinsa yana yoyo a kan masu haihuwa, gwamnati kuma ta ware kuɗi tana kiwon sauro? Wa zai ci? Wa zai saya? In sauro ake nema a zo gidana da buhu, kyauta zan bayar, har da na mota."

Majalisa ta kwashe da dariya, ana bubbuga tebur. Auta ta gangara gefen titi ta kashe mota. Dariyar masu babur ba ta taɓa yi mata ciwo ba, amma wannan ta yi. Shi ne fa ya riƙa goya ta a keke zuwa makaranta, yana cewa kowa ƙanwarsa ce za ta zama likitan gidansu.

A ƙarshen mako suka haɗu a gidan Inna, kamar yadda suka saba. Inna ta zuba musu shayi ta zauna tsakaninsu tana kallon wannan, tana kallon wancan. Yaya ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana ta juya cokali a kofi har sukari ya gaji da narkewa.

"Ban fa ambaci sunanki ba, Auta," ya ce.

"Garin nan Uwar Sauro nawa ce, Yaya?"

"To wa ya aike ki ki ce kiwo? Ke da kika yi karatu har ƙarshen biro, duk kalmomin duniya ki rasa ta faɗa sai kiwo?"

"Da me zan ce? Ina ba su ruwa, ina ba su abinci, ina share musu ɗaki."

Inna ta kama hannun Auta ta ɗage rigar, ta nuna masa jajayen ɗigon da suka cika damtsen. "Har da nono take ba su, Babba. Dubi nan. Ni da na haife ku ban sha wannan cizon ba."

Yaya ya kalli hannun, bai yi dariya ba. Auta ta ja rigarta ta rufe, sannan ta yi masa bayanin nan da ɗan jarida ya yanke, a hankali, tun daga malaminta har dilolin da aka mayar. Ya saurara. Mutum ne mai kaifin kai, bakinsa ne kawai yake riga tunaninsa isa wuri.

"Na gane," ya ce. "Amma rufin nan ma gaskiya ne, Auta. Na je da kaina, na ga bokiti a kan gadon mai jego. Kuma magana ta riga ta fita. In na koma na ce a bar kiwon sauro, gobe a ce don ƙanwata ce."

"Da ka tuna ƙanwarka ce kafin ka miƙe."

"Ni ban san kasafi ba," in ji Inna, tana goge bakin buta da tsumma. "Abin da na sani, tsakaninku akwai wani. Da yana nan, da yanzu shi yake raba ku. Zazzaɓi ne, kafin mu gane na mene ne ya tafi."

Ba a cika ambaton yaron nan a gidan ba. Auta ba ta san shi ba sai a hoton da ke saman talabijin, amma ta daɗe da sanin saboda shi ta zaɓi aikin da take yi.

Yaya ya mayar da hularsa. "Sunan ne matsala," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Ki bar min. Ba zan bari a taɓa miki su ba."

Ya kuwa cika alkawari, ta hanyar da ɗan siyasa ne kaɗai zai tuna da ita. Ya sake miƙewa a majalisa ya ce kwamitinsa ya soke kiwon sauro har abada. Aka tafa. Ya ce a madadinsa an kafa Cibiyar Yaƙi da Sauro, domin lokacin shagwaɓa abokin gaba ya wuce. Aka tafa fiye da na farko. Ginin dai shi ne, ɗakin shi ne, kejin su ne, Auta ita ce. Sai ma ƙarin sabuwar na'urar ɗumama jini, wadda aka kira ta da kayan yaƙi. Rufin asibitin ma ya samu, daga ina, Auta ba ta tambaya ba.

Ta yi dariya har da hawaye ranar, ta kira shi ta ce, "Yaya, na sallama maka." Daɗi ya kama ta sosai, ta shiga ɗakin ta tsaya gaban kejin tana gaya musu sun zama sojoji.

Sabon suna kuwa sai da biki. Aka fente gaban ginin, bayan aka bar shi yadda yake. Aka kafa allo mai hoton wani ƙaton sauro an soke shi da mashi. Aka kawo sabbin gidajen sauro dila-dila aka jibge a baranda, za a gwada su bayan biki sannan a raba kafin damina ta kankama. Sakataren kwamiti, wanda ke tsara taron, ya ce a ƙarshe za a nuna wa baƙi yadda ake feshin hayaƙin kashe sauro. Auta ta miƙe da sauri. Ta bi shi har mota tana cewa a yi shi can bakin ƙofar shiga, nesa da gini, kuma a gaya mata kafin a fara. Ya ce, "Ba komai, Dakta, an gama," waya manne a kunnensa.

Ranar bikin da hantsi aka ɗauke wuta, abin da ba ya ba kowa mamaki. Auta ta jira ta ji janareta ya tashi. Ya tashi kuwa, amma fankokinta ba su motsa ba. Da ta leƙa sai ta ga an ja wayar an kai gaban gini, lasifika ake gwadawa. Ta yi magana, aka ce ta yi haƙuri, babban baƙo ba zai yi jawabi da ihu ba. Ɗakin ya fara ɗaukar zafi, sauron suka lafe a jikin raga. Ta yi shawara da zuciyarta, ta buɗe tagar baya don iska ta ɗan ratsa. Feshi ai shi ne na ƙarshe a tsari, za ta dawo ta rufe tun kafin a kai can.

Aka zaunar da ita a sahun gaba ƙarƙashin rumfa, sanye da takalmi mai tsini da Inna ta matsa sai ta sa. Inna tana can baya cikin mata, ta ci ado, tana gaya wa duk wanda ke kusa cewa mai jawabin ɗanta ne, wadda ake yabo kuma 'yarta ce. Yaya ya riƙe lasifika yana zuba, ya ce ga jarumar da ta ba da jininta, ba a baki ba, a zahiri, don 'ya'yan talakawa su yi barci. Jama'a suka juyo suna kallonta suna tafi. Kunya ta kama ta, ta sunkuyar da kai.

Ashe babban baƙo yana sauri, wani taron yana jiransa. Sakatare ya raɗa wa wani, wani ya ɗaga wa wani hannu. Auta ba ta ga wannan ba, kanta yana ƙasa. Ƙarar injin ta ji. Da ta ɗago sai ga mutum biyu cikin shuɗin kaya da takunkumi, kowanne da injin feshi a kafaɗa, farin hayaƙi yana tuɗaɗowa a bakin ƙofa, daidai inda ta ce. Ta miƙe za ta je ta rufe taga, wata mata ta riƙo ta ta ce, "Dakta, ke ake yabo, zauna mana."

Masu feshin nan ba mugaye ba ne, mutane ne da suka san aikinsu. An ce musu yaƙi ake da sauro, su kuwa sun san sauro ba a bakin ƙofa yake kwana ba, a kwata yake. Suka fesa na ganin ido kaɗan, sannan suka bi gefen gini suka sha kwana, hayaƙin yana binsu a baya.

Auta ta fizge hannunta, ta tuɓe takalman ta bar su a gaban babban baƙo, ta ruga. Wasu suka yi dariya, sun ɗauka yana cikin tsari. Ta bi baranda, ta tsallake dila, ta tura ƙofar. Ɗakin ya yi fari kamar an ƙona shara a ciki. Ta rufe tagar tana tari, ta buɗe ƙofa ta riƙa kaɗa hayaƙin da mayafinta, ko da yake tun kafin ta fara ta san aikin banza take yi.

Da ya lafa ta bi kejin ɗaya bayan ɗaya. Ragar fes take, ba ko ɗaya a jiki. Duk suna ƙasa a kan farar takarda, sun zube kamar garin shayi. Ta durƙusa ta duba tiren ruwa. Wani maiƙo ya kwanta a sama, tsutsotsin sun daina wutsil-wutsil. Ta girgiza tire na farko, ta girgiza na biyu, har na ƙarshe. Sai ta zauna a kan 'yar kujerarta, ƙafa ba takalmi. Ba ta yi kuka ba. Malaminta ta tuna, da yadda ya riƙe hannunta ranar da ya ajiye aiki ya ce ta kula masa da su. Baƙin ciki ya cika mata ciki, har da haushin kanta, don da hannunta ta buɗe tagar. A waje ana ta tafi, an yanke ƙyallen buɗe cibiya.

Can sai ga Yaya, fuska cike da murna, takalmanta a hannu ɗaya, wata leda a ɗayan. "Ke Auta, wane irin abu ne wannan? A gaban baƙi? Ga takalmanki, Inna ta ce..."

Ya tsaya. Warin ya gaya masa rabi, kejin suka gaya masa sauran. Ya ajiye takalman a hankali a bakin ƙofa.

"Duka?"

"Duka."

"Na cikin ruwan ma?"

Ta gyaɗa kai.

Ya matsa ya leƙa keji ɗaya, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar zai tashe su. "Ba za a kamo wasu ba? Ga su nan cike da gari. In sa yara..."

"Na gari sun san magani, Yaya. Je ka duba kwatar nan da yamma, za ka same su suna shawagi."

"To a sayo daga wani wuri. Ai akwai masu irinsu, ko?"

"Akwai, a nesa. Sai an nema, sai an yarda, sai sun iso da rai, sai sun yi zuri'a. Kafin nan damina ta zo ta wuce, kayan barandar nan kuma an raba su."

Ya jingina da ɗaya daga cikin kantocin. "Ni fa cewa na yi in cece su," ya ce, muryar ta yi ƙasa.

"Na sani." Da gaske take, ta sani. Shi ya sa ma ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. Ta ɗauko ɗan burushi ta jawo takardar kejin farko ta fara tattara su. "Abu ɗaya dai zan tabbatar maka, in kana son na faɗa wa majalisa. Maganin feshin da kuka sayo mai kyau ne. Sauron nan sun gwada shi."

Yaya ya sauke ido. Yana kallon ledar da ke hannunsa kamar yanzu ya tuna da ita. Sabon gidan sauro ne, daga dilolin baranda.

"Wannan na Inna ne," ya ce. "Nata ya yage, ta ce in ciro mata ɗaya ki duba mata kafin ta ɗaura. Ta ce ba ta yarda da na kowa ba sai wanda jikokinta suka taɓa." Ya miƙo mata. "Mai kyau ne, Auta?"

Ta karɓa. Ledar tana sheƙi, ga hoton uwa da jariri suna barci, ga rubutu kala-kala. Ta juya ta gaba da baya, ta shinshina, duk da ta san hanci ba ya gane komai a nan. Daga baranda aka jiyo muryar Inna tana tambayar wani ina ne ɗakin jikokin nata, yau dai sai ta gan su da idonta.

Auta ta mayar masa da ledar.

"Ban sani ba, Yaya," ta ce.